Motar Baba Ba Ta Tsayawa

Maigidana direban bas ne, kuma ya kasa barin aikinsa a tasha. Da an gama cin abincin dare sai ya mai da gadon ƴarmu mota. Murfin tukunyata ne sitiyari, yarinyar kuma ta rataya jakata a wuya tana kiran fasinja. Shekararta huɗu, amma kowa a gidan Kwandasta yake ce mata, har sunanta na gaskiya ya kusa ɓacewa.

Ni tawa hanyar ta kwantar da ita ba ta da kwana-kwana. A wanke ƙafa, a goge haƙora, a shafa mai, a kashe fitila. Sannan in dafa goshinta in ce, "Ido a rufe, baki a rufe, ƙafa cikin bargo." Shi ke nan fa.

Amma da na leƙo ɗakin, sai uban ya taka birki da baki, ƙiiii, ya ce, "Kwandasta, ɓoye fasinja, ga shinge a gaba!" Su kwashe da dariya, ita ta shige bayansa. Ni ma nakan yi dariyar, sai dai abin yana ci mini rai. Ni ke wanki, ni ke kitso, ni ke tashi in zazzaɓi ya zo, amma lokacin barci ba a taɓa cewa "Mama, zo" ba. Kullum "Baba, ta da mota."

Na taɓa yi masa magana. "Baban Kwandasta, kana tayar mata da hankali a lokacin da ya kamata ya kwanta."

"Haba, ke ma ki shigo mana," in ji shi. "Akwai wuri a gaba."

Ran nan ɗinki ya riƙe ni a shago, mai kayan ta kafa ta tsare sai ta tafi da rigarta. Na buga masa waya na ce ya kwantar da yarinya. Har da faɗin, "To, yau babu shinge, sai ku sha shagalinku." Na ajiye wayar ina jin haushin kaina da nasu.

Da na dawo, gidan shiru, fitilar ɗakinta a kunne. Na tura ƙofa a hankali.

Direba ya baje a kan ɗan gadon yana minshari, ƙafafunsa sun zarce katakon gadon, murfin tukunya a kan ƙirjinsa. An lulluɓe shi da ƙaramin bargonta, wanda ko cibiyarsa bai rufe ba. An kuma lafta masa mai a goshi, yana ta ƙyalli. Kwandasta na zaune a bakin gado da jakata a wuya, idanunta sun yi ja, kanta yana rangaji.

"Mama, ya ƙi wanke ƙafa," ta kawo ƙara. "Amma na ce masa ido a rufe, ya rufe."

"To ke fa, me ya hana ki barci?"

"Motar ba ta tsaya ba." Ta murza ido. "Muna ta tafiya, muna ta tafiya, ba ki zo kin tsayar da mu ba."

"Babanki bai ce ki kwanta ba?"

"Ya ce. Shi bai iya faɗa ba, dariya yake yi." Ta miƙo hannuwa biyu. "Ke faɗa mini."

Wallahi daɗi ya kama ni. Na cire mata jakar, na ɗauke ta zuwa gadonmu, ko takalmi ban cire ba. Na dafa goshinta.

"Ido a rufe," na ce.

Ban kai ga bargo ba ta yi barci, hannunta riƙe da bakin mayafina.