Ranar da Raliatou Ta Ƙi Cewa Lahiya Lau

Da Raliatou ta tabbatar ta sami ciki na biyu, tsoro ne ya fara zuwa mata. Bayan haihuwar ɗanta na fari Taha, wata da watanni ta yi a ɗakinsu na Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, tana kallon bango, jariri na kuka tana jin kamar ɗan maƙwabta ne, har ranar da ta tsinci kanta tsaye a bakin taga tana leƙen ƙasa. Magani ne ya dawo da ita. Yanzu likitar mata ta ce zaɓi nata ne, ta riƙe ko a zubar, amma doka ta sa wa'adi, ta kuma ba ta shawarar ganin likitan ƙwaƙwalwa tukuna.

Kafin ta je, kowa ya gama duba mata ƙwaƙwalwar kyauta. Mijinta Munzali, mai sayar da wayoyi a can unguwar Barbès, nesa da gida, ya kira ya ce ya tambayi wani malami ya tambayi intanet, duk sun ce gajiya ce. Abokiyar aikinta ta rantse ba wanda ya isa ya matsa mata, sannan ta wuni tana matsa mata. Surukarta Hajiya Zouera kuwa, daga can garin Stains ta aiko da hayaƙin korar iska, wanda ya tayar da ƙararrawar gobara ya kori mutanen benen gaba ɗaya.

Likitan ya tambaye ta yaya take ji. To Raliatou 'yar Damagaram ce, a gidansu ko gawa ce kwance sai an amsa gaisuwa yadda ya kamata. Ta ce lahiya lau. Barci fa? Alhamdulillahi. Tunani? Da sauƙi. Bawan Allah ya yaba da ƙarfin halinta, ya raka ta har ƙofa. Sai a metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta fashe da kuka, haushin kanta ya ishe ta: ta je asibiti ta yi gaisuwa ta dawo.

Da yamma Hajiya ta kira, ta jero gajiya da aiki da sanyi, ta zo kan jiki.

"Inna, babu lahiya," in ji Raliatou. "Ina tsoron in haihu in koma bakin tagar nan. Ina tsoron in zubar in kasa yafe ma kaina."

"To madalla," bakin Hajiya ya faɗa don sabo. Sai kuma maganar ta shige ta.

Da ta sake magana, muryar ta sauka. Ta ce bayan ta haifi Munzali ta daɗe ba ta son ko ganinsa. An yi mata hayaƙi, an ba ta rubutu, kullum tana cewa lahiya lau, aka yarda da ita aka ƙyale ta.

"Ki sake ɗaukar randebu da lokotoron ƙwaƙwalwar nan, ki koma ki gan shi, ɗiyata. Gobe ina shiga jirgin Lyon. Abin da kika yanke, ke da Allahnki. Amma in kika ƙara ce mishi lahiya lau, ni za ni ba shi amsa."