Tarin da Mai Safa Ya Ɓoye

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aski da safar roba a hannu, har sunansa na ainihi ya ɓace a layin, kowa sai Mai Safa. Ciwon ya fara masa ne a gwiwar hannu, ɗan jan tabo kamar faɗin murfin kwalba. Daga nan ya haye baya, ya bi ƙeya, ya sauko tafin hannu ya yi zamansa. Fatar ta yi kauri, ta yi fari-fari, ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon kifi, in ya dunƙule hannu ta tsage ta yi jini. Likitoci sun sha gaya masa ba a ɗaukar ciwon, garkuwar jikinsa ce ta juya tana faɗa da fatarsa. Amma mai zuwa aski ba lacca ya zo ji ba. Ido yake sawa a hannun da zai taɓa masa kai, in bai gamsu ba ya ce zai jira Dogo.

Dogo shi ne abokin aikinsa, kujerarsa na kusa da ƙofa. Shagon kujera biyu ne da madubi ɗaya dogo, sai bencin jira da fanka mai ƙara. Yawancin ranaku benci cike yake da masu jiran Dogo, Mai Safa kuwa yana gefe yana goge injin askin da bai yi datti ba.

Wata ranar asibiti, likitar fata ta gama duba shi, maimakon ta rubuta man shafawar da aka saba sai ta ajiye biro. Ta ce suna gwajin wata sabuwar allura, shekara guda za a yi. Rabin mutanen za su sami maganin, rabi ruwan gishiri kawai, kuma ba shi ba, ita kanta ba za ta san wanda ya sami wanne ba.

"To Likita, in ruwan gishirin ya faɗo kaina fa?"

"Ka taimaka mana ke nan, kai kuma ba ka ƙaru da komai ba. Ba zan rufe ka ba."

Ta ba shi takarda mai shafi tara. Matarsa ce ta karanta masa a gida, don ta fi shi haƙuri da ƙananan rubutu. Da ta zo inda aka ce maganin yana rage ƙarfin garkuwar jiki, kuma duk wanda ya ji zazzaɓi ko tari ya faɗa nan take, sai ta ɗaga kai.

"Baban yara, ka dai ji wannan ko?"

"Na ji. Ci gaba."

An ɗebi jininsa, an yi masa hoton ƙirji, aka ce babu komai. Ya sa hannu.

Ɗakin binciken yana hawa na biyu, ƙarshen baranda. Kujerun roba shida, sikeli a lungu, firji mai makulli, da wata nas mai gilashi da kowa ke kira Sista. Duk mako biyu zai hau sikeli, ta auna zafin jikinsa, ta ɗauki hoton hannuwansa a kan wani shuɗin allo, ta yi masa allura a cinya. Sannan ta jawo fam ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Zazzaɓi? Tari? Gumi? Rama? Shi kuma ya bi ta da a'a, a'a, a'a.

A mako na shida ƙaiƙayin ya tsaya. Bai ma lura ba, matarsa ce ta ce kwana uku ke nan ba ta kakkaɓe garin fata daga zanin gado ba. A mako na goma tsagar tafin hannun ta haɗe. A na goma sha shida ya shiga shago, ya buɗe kwalin safa, ya tsaya yana kallonsa, sai ya mayar da shi aljihun tebur.

Dogo ya kama hannun ya juya shi gaba da baya. "Kai! Wannan hannun aro ka yi? Ka faɗa mini inda ake bayarwa in je in karɓo sabuwar gwiwa."

"Sai dai su rage maka tsawo."

Ba a yi wata ba benci ya rabu biyu. Wani dattijo da ya shekara bakwai yana jiran Dogo ya zauna a kujerar Mai Safa, aka yi masa aski, ya tafi. A gida, autarsa mai shekara biyar ta fara kama yatsunsa in za su tsallaka titi. Da can bakin rigarsa take riƙewa, shi ya koya mata haka.

Tarin ya zo a mako na ashirin da biyar. Ƙanƙani ne, busasshe, irin wanda ake ɗora wa laifin fanka ko gashin da ke tashi a shago. Ranar asibiti ta zo, Sista ta jawo fam.

"Tari?"

Ya san abin da ke shafi na tara: in wani ciwo ya ɓullo, likita na iya tsayar da allurar. Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa.

"A'a."

Mako biyu bayan haka jikinsa ya fara ɗumi da la'asar. Da safe matashin kansa a jiƙe. Ya ƙara huda a bel ɗinsa da tsinin almakashi. Ranar asibiti ya sha maganin zazzaɓi tun a gida, ya jefa alewar tari a baki a kan matakala, ya saka makullan shago da waya a aljihu kafin ya hau sikeli. Sista ta dubi lambar ta dubi fam.

"Ka ragu da kilo biyu."

"Aiki ne ya yi yawa, Sista. Yanzu ko zaman cin abinci ba na samu."

Ta rubuta. A'a, a'a, a'a.

Matarsa ba ta da fam, amma ita ke wanke rigar matashin. Ran nan da safe tana shanya a baranda, ya fito zai tafi shago, tari ya sarƙe shi har ya dafa bango. Ta jira ya gama.

"Ka gaya musu?"

"Mura ce."

"Murar da ta yi wata? Ni na karanta maka takardar nan da bakina."

"Saura wata biyar a gama. In na faɗa za su cire ni, kin kuma san inda zan koma."

"Na sani. Shekara goma sha ɗaya ina tare da wancan hannun, ban gudu ba. Amma wannan tarin ban san shi ba, kuma ɗaki ɗaya muke kwana da auta."

Ya sauka matakala ya tafi.

Sati na biyar da fara tarin, yana gyara wa wani direba saje, tari ya taso masa. Ya juya ya toshe baki da farin tawul ɗin da ke kafaɗarsa. Da ya ɗauke, ga jini, ba mai yawa ba, kamar an ɗiga jar tawada. Direban bai gani ba. Dogo ya gani ta madubi, injinsa na kan wani yana aiki, bai kashe ba. Sai da shago ya yi sarari ya ce, "Ɗan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cire rigar aikin nan ka tafi, ni zan riƙe shago."

Ba ranar zuwansa ba ce, Sista ta yi mamakin ganinsa. Ya ajiye tawul ɗin a kan tebur a cikin leda. Ta leƙa, ta buɗe aljihun tebur ta miƙo masa takunkumin fuska, ta sa nata, ta buɗe tagogi duka biyu, sannan ta ɗaga waya ta kira likita.

An ɗauki hoton ƙirji, an karɓi kakinsa a ɗan gwangwani. Kwana biyu sakamako ya fito, tarin tibi ne. A ranar likita ta nemi izini aka buɗe lambarsa a kwamfuta, aka ga maganin gaske yake karɓa tun farko. Bai yi mamaki ba, hannunsa ya riga ya gaya masa.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna nesa kaɗan, fam ɗinsa a gabanta.

"Mun gwada ka a farko ba mu ga komai ba. Ko dai cutar tana kwance gwajin bai kama ta ba, ko daga baya ka ɗauka. Allurar ta sassauta mai gadin jikinka, cutar kuma ta tashi. Tana warkewa, wata shida za ka sha magani. Allura kuwa daga yau an tsayar."

"Ko bayan na warke?"

"A wannan gwajin dai an gama." Ta juya shafi. "Yanzu ina so ka taimake ni da abu ɗaya. Nan an rubuta ranar sha huɗu ga wata ba ka tari. Ranar ashirin da takwas ma haka. Yaushe ya fara?"

Sista tana tsaye bakin firji tana jera kwalabe, ba ta juyo ba.

"Ba don in kama ka da laifi ba ne," in ji likitar. "Mutum ɗari huɗu ke karɓar allurar nan a asibitoci daban-daban. In na rubuta cewa ciwon ya faɗo maka rana ɗaya da jini, likitocinsu jini za su zauna jira. In na rubuta ya fara da ɗan tari makonni kafin nan, tarin za su nema."

Ya ƙirga da yatsu, ya faɗi ranar. Ya faɗi maganin zazzaɓin da makullan aljihu. Ta soke layi uku da jan biro, ta rubuta gyara a gefe, ta sa hannu da kwanan wata a kan kowanne. Da ya tashi fita Sista ta ce, "Ni ma da laifina. Kilo biyu ba wasa ba ne, da na ɗaga kai na dube ka." Daga nan ta koma kan kwalabenta.

Washegari aka kira mutanen gidansa gwaji, da Dogo. Matarsa da manyan yaran biyu lafiya. Dogo ma lafiya, ya fito yana cewa cutar ta hango tsawonsa ta ga ba za ta iya hawa ba. Auta ce gwajinta ya nuna ƙwayar ta shige ta, ko da yake ba ta kai ga kwantar da ita ba. Aka rubuta mata maganin kariya na wata uku. Matarsa ta karɓi ledar maganin a tagar ɗakin magani, ta karanta yadda ake sha, ta saka a jaka. Har suka isa gida, kuma bayan nan ma, ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba. Shi da ta faɗa ɗin da ya fi masa sauƙi.

Wata biyu bai je shago ba. Yana zaune a baranda da takunkumi, yana haɗiyar ƙwayoyi huɗu kowace safiya kafin ya ci komai. Auta ba ta iya haɗiya ba, sai an daka mata a cokali. Shi ya karɓi wannan aikin. Ta yi kuka kwana uku, a na huɗu ta gano maganin yana mayar da fitsarinsu ja kamar ruwan lemo, ita da babanta kaɗai a gidan, sai abin ya zama abin alfahari, har tana yi wa yayyenta gori.

Ciwon fatar ya dawo a mako na bakwai da tsayar da allura. Gwiwar hannu ya fara kamawa, sannan ƙeya. Kafin ya koma aiki ya isa tafin hannu, bai kai munin da ba, amma ya isa a gani. Wasu daga cikin waɗanda suka koma kujerarsa sun sake komawa jiran Dogo. Wasu sun tsaya. Dattijon nan ya dubi hannun, ya ce, "Ai ba da fata kake askin ba," ya zauna.

Da ya cika wata shida aka sake hoton ƙirji, aka ce ya warke. Likitar ta ɗora shi a kan man shafawa da gashin haske, sau biyu a mako yana tsayawa minti uku a cikin wani akwati mai fitilu. Ta gaya masa cewa shi ne mutum na uku da tibi ya tasar wa a cikin ɗari huɗun, kuma yanzu an canza ƙa'ida: gwaji iri biyu kafin a fara allura, hoton ƙirji duk wata uku, kuma nas ba za ta tsaya ga tambaya kawai ba, sai ta saurari ƙirji. Ta nuna masa layinsa a rahoton da suka aika. Babu suna, sai lamba, namiji, shekara arba'in da ɗaya, an dakatar a mako na talatin, ya warke.

"Maganin zai fito kasuwa?" ya tambaya.

"Wataƙila nan da shekara biyu, in sauran sakamakon ya yi kyau. Tunda ka gama maganin tibi, ba lallai ne a hana ka ba. Amma ban yi maka alkawari ba."

Ya gode mata, ya sauko. A ƙofar asibiti ya tsaya ya sayi ayaba don yara, ya tsallaka titi ya hau motar da ke bi ta shago. Ranar Asabar ce, kuma Dogo ya riga ya kira shi sau biyu yana cewa benci ya cika.