Soyayyen Kifi Don Tawiah

Duk masu gidajen abinci na birnin Akara sun san Lamiley mai ɗaukar hoto. In ta ɗauki hoton soyayyen kifi, mai kallo sai ya ji kamar fatar na ƙaras-ƙaras a haƙorinsa. Takan ajiye faranti kusa da taga, haske ya bugo ta gefe, kowane tsagi da kowane ɗigon mai ya fito.

Mijinta Tawiah, direban babbar mota, mutum ne mai son ci. Sai ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. Bayan tiyata ba abin da ke wuce masa sai koko tsararo, muryarsa ma ta koma raɗa.

Kullum ta dawo daga aiki yakan miƙa hannu.

"Maman Ayele, yau me muka ci?"

Sai ta ba shi kyamarar. Ya yi ta ƙure hotunan: ƙanzon shinkafa, gefen ayabar da ta ɗan ƙone, dokunun masara da aka ɓare daga ganye yana tururi.

"Wannan doyar ba ta soyu ba," in ji shi. "An cuce ki."

"Ji mai baki! Da kai ne da har farantin ka lashe."

Ita kuwa ta daina tauna komai a gidan. Kokonsa take sha, har zanenta ya fara kwancewa a ƙugu. Ya lura. Wata ranar Asabar ya aiki 'yarsu Ayele bakin teku ta sayo kifi mai zafi da yaji.

"Zauna nan ki ci," ya ce wa Lamiley.

"Na ƙoshi, Baban Ayele."

"Ƙarya. Hoto ba ya ƙara. Ƙarar nake son ji."

Ta zauna a bakin gadon ta gatsa jelar kifin. Ya lumshe ido. Tana taunawa hawaye na zuba cikin yajin, shi kuma muƙamuƙinsa na motsi a hankali tare da nata.

"Har ƙashin," ya raɗa. Ta cinye har ƙashin.

Bai ga ƙarshen damina ba. Bayan makoki wani mai otal ya kira ta aiki, ta je, ta gyara faranti, ta ɗauki hoto. Da ta koma gida sai ta daɗe tsaye a ƙofar ɗaki, ba mai miƙo hannu, har Ayele ta zo ta karɓi jakar kyamarar daga kafaɗarta.