Da Sauƙi, In Ji Inna

Takalmi ɗaya ne a ƙafar Rakiya lokacin da ta tsallake shingen furannin da ya raba gidansu da na Alhaji Zubairu. Eman, 'yar Masar ɗin da ke aiki a gidan, tana tsaye a bakin ƙofar gilashi tana yarfa hannu.

"Yalla, Madam, yalla! Hajja ce!"

Falon gidan sai ka rantse otal ne. Marmara fara tas tun daga ƙofa har matakala, fitila mai ƙyalli tana reto daga sama, ga kujerun da ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Amma Inna, wato Hajja a bakin Eman, mahaifiyar Alhajin, wadda ya ɗauko daga Funtuwa ya ajiye a wannan unguwa ta masu hali a Tagammu, can bayan Alƙahira, ba ta taɓa yarda da kujerun nan ba. Ta ce suna haɗiye mutum. Tabarmarta take shimfiɗawa a gindin matakala, kuma a nan Rakiya ta same ta, jingine da bango, ta dafe hannun hagu, zufa na tsatstsafo mata duk da sanyin da na'ura ke busowa.

"Inna, sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Maman Jesse."

Wai da sauƙi! Leɓɓan tsohuwar sun yi toka, numfashi ma sai ta fisgo shi. Haka Rakiya ta taɓa ganin mahaifinta ya dafe hannu a Kagoro, ranar da bai kai la'asar ba.

Ta juya wajen Eman da guntun Larabcinta na kasuwa, ta haɗa da hannu da ido. Ina motar asibiti? Unguwar tana da nata ƙaramin asibiti a cikin katanga, da motarsa, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba.

Eman ta yi bayani tana haɗiye kuka. Tun da hantsi ta kira su. Su kuma, bisa ƙa'idarsu, suka kira mai gida, wanda ke Dubai wajen harkokinsa. Mai gida ya kira uwarsa, ya ji ta bakinta, ya ce musu su bar shi, ba komai. Ita kanta Eman da aka tambaye ta me Hajja ke cewa, ta gaya musu. "Da sawki," ta faɗa da harshenta mai nauyi. "Ya'ani ahsan. Ta ji dama." Kalmar Hausa ɗaya tilo da Alhaji ya koya mata ke nan, ya kuma fassara mata ita yadda take a baki. Baiwar Allah, ina za ta san cewa Bahaushe ko ana haƙa masa kabari, in ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka?

Rakiya ta karɓe wayar Eman ta kira asibitin da kanta. Wani mai suna Husam ya ɗauka, muryarsa a sanyaye kamar ta mai sayar da turare.

"Ma'alish, ki yi haƙuri, Madam. Mai gidan ya soke buƙatar da safe. Shi kaɗai zai iya sake buɗe ta."

"Mutuwa take yi! Ka ji ni kuwa? Mutuwa!"

"Na ji, Madam. Ki ce ya danna a wayarsa, yanzu mu taso. Ke 'yar gida mai lamba nawa ce?"

"Maƙwabciya ce ni."

"To, ma'alish."

Ta kashe kafin bakinta ya faɗi abin da za ta je coci ta tuba a kai. Mijinta Habila ya fita da mota tun asuba zuwa ofishin jakadanci, wayarsa a kashe, yana taro. Eman ta riga ta kira motar asibitin gwamnati, sun ce suna hanya, amma duk wanda ya san cunkoson titin Alƙahira da azahar ya san ma'anar suna hanya. Tasi kuwa ba ya wuce masu gadin ƙofa sai da izinin mai gida. Wallahi unguwar nan an tsare ta da kyau. Ɓarawo ba ya shiga, mai ceto ma haka.

Ta ciro tata wayar ta kira Alhaji Zubairu, sai a kira na uku ya ɗauka, ta bidiyo. Ga shi nan cikin farar shadda, bayansa wasu mutane zagaye da tebur.

"Maman Jesse, lafiya?"

"Ba lafiya ba, Alhaji. Ka danna musu su kawo mota. Yanzu."

"Haba, ai mun yi magana da ita ɗazu. Ta ce da sauƙi. Kin san Inna da asibiti, in aka kai ta ba da sonta ba sai ta yi wata ba ta amsa gaisuwata."

"Alhaji, kai Bahaushe ne ko Bature? Yaushe da sauƙi ta zama magana?"

Ya ɗan ɓata rai. Ba a saba yi masa haka ba, balle a gaban baƙi. "Ba ni ita."

Rakiya ta durƙusa ta kai wayar gaban tsohuwar. Abin da ta gani ya sa ta ji kamar ta kurma ihu. Inna, wadda ko ɗaga kai ba ta iya yi, ta lallaɓa ta ja mayafinta ta rufe goshi, ta saki hannun da take dafe da shi, ta kawar da fuska gefe. Zubairu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidan nan". Irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari har cikin ƙashi. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce masa ƙirjinta na ciwo?

"Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kin ji ko, Maman Jesse?"

Rakiya ta kife wayar a cinyarta. Ta matso da bakinta kusa da kunnen tsohuwar, hawaye na zuba mata. "Inna, don girman Allah. Don zumuncin da ke tsakaninmu. Ki gaya masa. Kalma ɗaya kawai, ki ce da zafi. Ba kowa a nan sai ni."

Inna ta girgiza kai a hankali. "Yana cikin mutane, 'yar nan. Kada a tayar masa da hankali."

"In kika tafi fa? Wane hankali zai rage masa?"

Wani abu ya taso wa tsohuwar daga ƙirji, ta damƙe hannun Rakiya har farcenta ya shiga fata. Da ya lafa, sai ta dubi wayar, ta yi alama da ido. Rakiya ta ɗaga ta.

Alhajin yana magana da wani a gefensa, yana murmushi. Inna ta juyo ta kalle shi sosai, kallon da ba ta taɓa yi masa ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Zubairu," ta ce.

Murmushin ya ɗauke. Rakiya ta ga ya miƙe tsaye, ta ji kujera ta faɗi a bayansa. Hoton ya hargitse, sai rufin ɗaki, sai yatsunsa suna danne-danne a kan gilashin, yana buɗe buƙatar motar. Kafin ta sauke numfashi wayar Eman ta yi ƙara, Husam ne, yana cewa tamam, Madam, mun taso.

Kan Inna ya riga ya kwanta a kafaɗar Rakiya. Eman ta zube a gabansu, ta kama ɗayan hannun, tana maimaita kalmar shahada a hankali. Leɓɓan tsohuwar suka bi ta sau ɗaya. Rakiya ta riƙe ta gam, tana tata addu'ar a zuci, tana sauraron jiniya daga nesa. Jiniyar ta matso, ta shawo kwanar wurin ninƙaya, ta tsaya a ƙofa. Nauyin da ke kafaɗarta ya riga ya canza.

Mutum biyu suka shigo cikin fararen kaya, suna turo gado mai taya a kan marmara. Babbansu ya durƙusa ya taɓa wuyan Inna, ya haska idonta. Suka shimfiɗe ta suka yi ta danna ƙirjin har gumi ya jiƙa musu riga. Daga baya babban ya zauna a kan dugadugansa, ya dubi Rakiya, ya ce, "Al-baƙa'u lillah," wato dawwama ta Allah ce.

Eman ta ja mayafin ta rufe fuskar. Ba wanda ya tuna da wayar Rakiya. Tana nan a gefen tabarma inda ta zame, fuskarta na kallon sama, ba a kashe ta ba. Daga cikinta muryar babban mutum ke fitowa, ƙarama, a dishe.

"Na'am, Inna. Na'am. Ina jin ki. Na'am."