Shinkafar da Sophoan Ta Kai wa Wata

Kwana uku kafin wata ya cika, ruwa ya taru a gonar Vuthy, mijin Kunthea. Maimakon ya haƙa masa hanya zuwa rafi, sai ya fasa kunyar da ta raba gonarsa da ta Sophoan, yayar matarsa. Shinkafar Sophoan mai saurin nuna, wadda ta shuka don bikin wata, ta kwanta cikin laka ta ruɓe.

Ranar bikin, mahaifiyarsu ta kira su duka biyu su daka sabuwar shinkafa, kamar kowace shekara. Tsohuwar na soya ƙwayar a tukunyar ƙasa tana juyewa a turmi, su kuma suna lugude har ta baje. Shinkafar daga gonar Vuthy ta fito.

"Yaya, ki rage ƙarfi, za ki fasa turmin," in ji Kunthea.

"Fasa abu ai aikin gidanku ne."

"Ruwan sama ne ya karya kunyar nan."

"Ruwan sama mai fartanya? Na ga sawun ƙafarsa a wurin."

Kunthea ta taɓe baki. "Da kin gyara kunyarki tun farkon damina, maimakon yawon kasuwa, da ba a kai ga haka ba."

Sophoan ta jingine taɓarya ta fita.

Da wata ya fito jawur a bayan bishiyoyin giginya, aka jera dakakkiyar shinkafa da ayaba da kwakwa a kan tebur a tsakar gida, don a gode masa a roƙi damina mai albarka. Maƙwabta sun zazzauna. Sai ga Sophoan da damin ruɓaɓɓiyar shinkafarta baƙi ƙirin yana ɗigar laka. Ta ture ayabar gefe, ta ɗora shi a tsakiya. Wari ya danne ƙamshin turaren da aka kunna.

"Ga nawa amfanin gonar na bana," ta ce. "Watan ma ya gani."

Vuthy ya tashi zai ɗauke.

"Bar shi, ɗana," in ji tsohuwar, ba ta ko dube shi ba. "Kowa abin da gonarsa ta ba shi yake kawowa."

Ya koma ya zauna, idon jama'a a kansa. Kunthea ta ja hannunsa suka tafi ba su ci komai ba.

Vuthy ya gyara kunyar kafin mako ya zagayo. Amma da shekara ta dawo, tsohuwar sai da ta nemi matan maƙwabta su yi mata dakan, domin 'ya'yanta sun ƙi haɗa turmi.