Murfin Kokfit

"Ba na jirgin sama ba ne, Dai," Sunmaya Bote ta faɗa a karo na uku, ta tura takardar gabansa. "Ni da jirgin sama a ina muka haɗu?"

Ghimire, mai sallamar kaya a ofishin kamfanin dako, ya gyara tabarau ya ɗora yatsa a kan kalmar Turancin da aka rubuta a jikin takardar. A yarensu, Dai da Didi kira ne na girmamawa, wato yaya namiji da yaya mace.

"Karanta da kanki, Didi. Murfin kokfit. Kokfit kuwa wurin zaman matuƙin jirgin sama ne, haka kwamfuta ta ce. Sai kin kawo takardar izini daga masu kula da jiragen sama."

"Kwana nawa za ta ɗauka?"

"In babu hutu a tsakani, mako biyu."

Sunmaya ta dafe goshi. Ƙunshin da murfin ke ciki na nan a kan shiryayye bayansa, bai fi matashin kai girma ba. Gobe da safe 'yarta Rojina za ta shiga gwajin tseren kwalekwale a kogin Trishuli, inda za a zaɓi mata uku da za su wakilci ƙasa. Sabon kwalekwalen roba mai ɗaukar mutum ɗaya da ƙungiyarsu ta tsere ta ara mata, bakinsa ya fi na tsohon faɗi, duk murfin da aka gwada ya ƙi kamawa. In babu murfi, igiyar ruwa ta farko za ta cika shi ya nutse da ita. Motar ƙarshe zuwa kogin kuma ƙarfe huɗu take tashi daga tashar Kalanki.

"Saurara, Dai. Ramin da ake zama a cikin kwalekwale, shi ma kokfit ake ce masa. Shekara ashirin ina aiki a kogi."

"Kwalekwale yana da matuƙi mai hula?"

Wani dattijo mai furfura ya leƙo daga sito. Limbu ne, mai riƙe da makullai, wanda ya shekara goma sha takwas a jiragen ruwan dakon kaya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

"Kai Ghimire, iyakar tafiyarka garin Birgunj, shi ya sa. Kokfit a jirgin ruwa yake, can baya, inda mai tuƙi ke tsayawa. Masu jirgin sama aro suka yi."

"Allah ya yi maka albarka, Baba!" in ji Sunmaya. "Gaya masa."

"Amma fa jirgin ruwa na gaske nake nufi," Limbu ya ƙara. "Ba wannan bahon wankan jarirai naku ba."

Ta kalle shi daga sama har ƙasa. Kakanta da kwalekwale ya yi ta haye da mutane kafin a gina gada, mahaifinta ma haka.

"In na jirgin ruwa ne, wani fom ne daban," Ghimire ya ce, ya fara jan aljihun tebur. "Kuma ya ƙare."

Anjila mai buga takardu, wadda tun ɗazu take bare lemo tana saurare, ta ɗauko wayarta.

"Ku tsaya in duba muku. To, ga shi. Wurin zaman direban motar tsere. Gaban babur ma, inda agogo yake. A jiragen yaƙin dā, ɗakin ƙasa da likita ke yanke wa sojoji ƙafa." Ta ɗan tsaya, ta ƙyalƙyale da dariya. "Asalinsa kuwa ramin da ake haɗa zakaru faɗa ne!"

Ghimire ya ja kujerarsa baya.

"Faɗan zakaru? Ai caca ke nan! Didi, gaya mini gaskiya tun ban kira kowa ba."

"Na yi maka kama da mai haɗa zakaru faɗa?"

"Ai su ma ba a goshi ake rubuta musu ba."

"To buɗe ka gani mana! Ga shi can a bayanka!"

"Ba a buɗewa sai an san rukunin kaya."

"Ta yaya za a san rukunin in ba a buɗe ba?"

"Wannan kuma sai manaja," in ji shi. Ƙarfe biyu ta yi, aka kawo shayi, ya juya mata baya.

Ta zauna a benci. Sau biyu Rojina ta kira, ba ta ɗauka ba, don ba ta san abin da za ta ce mata ba. Yarinyar ta shekara uku tana atisaye a ruwan sanyi tun da asuba, har farcen yatsunta biyu suka fita.

Uku saura kwata manaja ta shigo, Madam Tuladhar, tana magana a waya. Sunmaya ta tare ƙofar ofishinta.

"Ranki ya daɗe, minti biyar. In na yi ƙarya ki kira mini 'yan sanda da kanki."

Manajar ta dubi agogo, ta yi wa Limbu alama. Ya farke ƙunshin da wuƙa. Wani baƙin ƙyalle mai kauri ya fito, mai roba a gefe, da rami a tsakiya.

Sunmaya ta cire takalma, ta zura ƙafafu a ramin, ta ja shi har ƙugu a kan rigarta. Ta juye babbar robar da ake tara wasiƙu, ta zauna a ciki, gwiwoyinta har haɓa, ta miƙe gefen ƙyallen ya kama bakin robar ƙam.

"Baba, ɗauko wancan jug ɗin ka zuba mini."

Limbu ya juye mata ruwan duka. Ya gangara ta saman ƙyallen, ya malale a ƙasa har ƙarƙashin teburin Ghimire.

"Kun gani? Ko ɗigo bai shiga ba. Inda nake zaune shi ne kokfit, wannan kuma murfinsa."

Madam Tuladhar ta zagaya ta sau ɗaya, ta taɓa ƙyallen.

"Au, siket ne. Ghimire, rubuta tufafin mata, guda ɗaya."

"Ranki ya daɗe, ba siket ba ne, na ce miki..."

Idonta ya kai ga agogon bango. Uku da minti goma. Ta fito daga robar da kyar, ta karɓi biro ta sa hannu.

"Ke ma dai, Didi," Ghimire ya ce yana buga hatimi, ƙafafunsa a ɗage saboda ruwa, "da tun safe kin ce siket ne, ai da kin daɗe da isa gida."

Ta kama motar tana shirin tashi, ta sami wuri a kujerar baya, ta aika wa Rojina saƙo cewa tana tafe da shi. A shingen bincike na fitar gari wani ɗan sanda ya hau, ya bi jakunkuna da ido, ya nuna ƙunshin da ta rungume.

"Mene ne a ciki, Didi?"

Sunmaya ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta dubi dogon layin motocin da ke bayansu.

"Siket," ta ce.