Man Kaɗanya a Gindin Waya

Tun da Kawu Dotun ya aiko da waya marar igiya daga Landan, Iya Alaro take ƙulle ta a bakin zani, yadda take ƙulle kuɗi zamanin tana sayar da rinannun zannuwa a kasuwar Oje. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, shi ya sa ɗan nata ya sayo wadda za a kai mata har gado. Jikarta Tinuke, mai karatun lantarki a Ibadan, ita ke jinyarta ita kaɗai: wanka, wanki, koko, da shafa mata man kaɗanya a gwiwa safe da yamma. Ba ta taɓa roƙon kowa ya taya ta ba.

Sai wayar ta fara tsiya. Ana gaisuwa biyu ta yi ƙara ta mutu. Ga shi matar Kawu Dotun ta haihu, kuma ya ce ranar suna zai bugo da safe, uwarsa ta raɗa wa jaririyar suna da bakinta. Iya ta ƙi faɗa wa kowa sunan. A gidansu ba a furta sunan jariri kafin ranarsa.

"Iya, ke kika kashe batirin nan," in ji Tinuke. "Waya ba goro ba ce da za ki ƙulle. A mazauninta take cin caji."

"Kowane dare ba ke kike mayar da ita ba?"

"Da rana fa? Kin matse ta a ƙugu kamar za a sace!"

"To, injiniya. Mu da ba mu yi boko ba ai sai mu yi shiru."

Tinuke ta je kasuwar Dugbe ta sayo sabon batir, ta sa, ta ɗora wayar a mazauninta a falo, can ƙarshen baranda. Ta ce ba mai sake taɓa ta sai ranar suna. Iya ta juya fuska bango. Ranar ko tuwon amala ba ta ci ba.

Da safiyar suna Tinuke ta ɗaga wayar, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Tun da ta ƙwace ta hannun tsohuwar bai kai gare ta ba, ga ta kuma a mace.

Ta juya gindin wayar. 'Yan ƙarafunan nan biyu da ke haɗuwa da mazauni sun toshe da wani baƙin maiƙo da ƙura ta kama. Ta lakato da farce ta sansana. Man kaɗanya. Hannun wa ke cikin man kaɗanya kowace yamma, ya gama shafa gwiwa ya ɗauki waya ta gindi ya kai falo? Ta daɗe tana kallon tafinta.

Ta kankare da tsinken ashana, ta goge da auduga, ta mayar. Jar fitilar caji ta kama. Sai dai batir sai ya yi rabin yini kafin ya ɗauki magana, Kawu kuwa yanzu zai bugo. Abin da ya rage shi ne lasifikar da ke jikin mazaunin, shi kuma igiyar layi ta ɗaure shi a bangon falo.

Ta shiga ɗaki ta juya wa gado baya, ta durƙusa.

"Iya, hau."

"In hau ina? Ke da kike kamar sillen kara?"

"Hau dai."

Da ta kama ƙafafun don ta gyara goyon, tsohuwar ta ja numfashi ta haƙora. Tinuke ta duba. Gwiwoyin sun saɓule, wani wurin ya bushe, wani ɗanye. Jiya da shekaranjiya Iya ta hana ta shafa man, ta ce ba ta so.

"Me ya same ki?"

"Ba komai."

"Iya!"

"In kin tafi makaranta nakan rarrafa in leƙa wayar. Ban taɓa ba. Kin ce kar a taɓa."

Tinuke ta miƙe da ita. Tsohuwar ta fi yadda ta zata nauyi. Sau biyu tana dafa bango, ƙugunta kamar zai tsinke, ba ta sauke ta ba sai a kujerar da ke kusa da wayar. Ta zube a gabanta bisa gwiwa biyu.

"Ba ke ba ce, Iya. Ni ce. Man da ke hannuna..."

Wayar ta ɗauki ƙara. Tinuke ta danna lasifika, muryar Kawu Dotun ta cika falon, da hayaniyar baƙi a bayansa.

Iya ta gyara ɗankwali, ta yi wa ɗanta kirarin gidansu tiryan-tiryan, sannan ta ce, "Sunanta Morolake." Can Landan aka ɗauki guɗa.

"Wayar lafiya take kuwa?" in ji Kawu. "Kwanan nan sai katsewa."

"Lafiya lau. Tinuke ta gyara."

Tinuke ba ta ɗago ba. Daga inda take durƙushe, ba abin da take gani sai gwiwoyin.